Madubin Bakin Rijiya

Shekara talatin da ɗaya ina shiga ƙasa da raina.
Daga Harbo har Aujara,
rijiyar da ba ta san tafin ƙafata ba, sabuwa ce.
Gaba sha huɗu, wata sha bakwai,
dagi a hannu, igiya a ƙugu,
in bi jar ƙasa, in bi yumɓu, in fasa marmara,
sai sanyi ya taɓa yatsuna, in san ido ya kusa.

In duhu ya rufe ni can ƙasa
sai in ɗaga murya: Talle, madubi!
Yaron ya durƙusa a baki da guntun madubin babur,
ya kamo rana, ya tanƙwaro ta,
ya jefo mini ita kamar guga.

Ba rami ne ya rufta da ni ba.
Bokiti ɗaya na ɗaga, irin na kullum,
na ji ƙas a ƙasan baya,
ƙafar hagu ta zama ta aro.
Rabin rayuwata ina kwasar laka,
ashe tawa lakar ce ke neman mai kwasa.
Na sha sassaƙe, wanzami ya kafa ƙaho,
har buhunan riɗi da tunkiyar Tabawa
suka raka ni asibitin birni.

Abin da ya faru a ɗakin tiyata ban gani ba,
allura ta kai ni inda igiya ba ta kaiwa.
Dije ce, 'yar ƙanwata, da ke miƙa almakashi a ɗakin,
ta zauna bakin gado ta ce:
Kawu, awa huɗu likitar nan ba ta dube ka ba.

Raina ya ɓaci. Kuɗin riɗin nawa?

Ta yi dariya. Ta ce bango take kallo.
Wata na'ura ce mai wuyan zalɓe,
ekzoskof, in ji ta, ni bakina bai iya ba,
ta tsaya a kan bayanka da fitilarta, ba ta taɓa ka,
abin da ta gani ta watsa a allo mai faɗin ƙyaure.
Jijiyar da ba ta wuce zaren lilo ba
ta koma kamar igiyar guga.
Dakta Furera na zaune, kanta a miƙe,
da tabarau mai nuna zurfi,
idonta a sama, hannunta a cikinka.
Dā sai likita ya kifa kai a bututu har wuya ya ƙage,
shi kaɗai ke gani, sauran su yi ta zato.
Ranar kuwa mu bakwai muka leƙa rijiyarka.

Na yi shiru.
Ni ban taɓa samun wanda ya ga abin da nake gani ba,
sai in fito in ba da labari, a ce Mati da ƙari.

Bakin ramin da suka haƙa bai kai gaɓar yatsa biyu ba.
Ta ɗauke ɗan guringuntsin da ya danne hanya
kamar yadda nake zare tsakuwa a bakin ido,
in ja da baya, in jira.
Washegari ƙafata ta ji sanyin siminti.

Yanzu ina gida.
Babban yatsa har yau bai gama dawowa ba,
an hana ni sauka, an hana ni ɗaukar ko tulu.
Talle ne ke shiga, a gonar Alhaji Shekarau, gaba tara ya kai.
Ni ke zaune a baki kan turmi, bayana a miƙe,
na ji shi can ƙasa yana kira.
Hannuna na rawa, rana na zillewa,
ashe riƙon madubin ma aiki ne.
Baba, hagu kaɗan!
Na karkata.